Muryar da Ke Kaset ɗin Martins

"Ka ce min ka goge shi, Martins."

"Na so in goge... hannuna ne ya ƙi."

"Hannunka ya ƙi? Saurara ka ji abin da hannunka ya jawo min."

Ba sai ya kasa kunne ba. Rumfar mai sayar da kaset tana manne da shagon ɗinkin yayarsa Anti Clara, inda nake koyon aiki a kasuwar Kafanchan. Tun safe waƙa ɗaya ake maimaitawa. Kafin gangunan disko su shigo, muryar wata yarinya ce ke buɗe ta da Fulatanci, siririya, kamar mai lallashin jariri.

Muryata ce.

Shekara biyu da suka wuce, farkon 1987, Martins mai gyaran rediyo ne kawai da ke waƙa a wani otal ranar Asabar. Yakan zo shagon ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana ba ni dariya, har na wayi gari ba na iya zura zare a allura idan bai zo ba. Wata rana ina kan keken ɗinki ina rera waƙar da marigayiya Innata take yi mana, ashe ya danna rikoda. Na roƙe shi ya goge, ya rantse ya goge.

Bayan sati uku rikicin addini ya ɓarke, garin ya kama da wuta. Na gudu gida Godogodo, shi ya bi jirgin ƙasa zuwa Legas. Sai ga kaset ɗinsa, Jirgin Yamma, ya cika ƙasa. Aka ce a Abidjan ana rawa da shi, a Landan ma haka. Ko'ina tambaya ɗaya ake yi: wace ce yarinyar nan? Ni na daɗe da komawa shagon, shi kuwa sai yanzu ya dawo Kafanchan.

"Safara'u, abar ƙaunata," ya sassauta murya. "Wani kamfanin kaset a Landan suna son ganinki. Jibi Asabar zan yi wasa a filin ƙwallo, zan kira sunanki gaban kowa. Daga nan mu tafi, mu yi aure inda ba mai tambayar waye ke zuwa coci waye ke zuwa masallaci."

"Ka manta abin da ya faru a garin nan?"

"Ya wuce."

"Bai wuce ba," in ji Anti Clara daga bakin ƙofa. Ta janyo labule ta rufe shagon. Ita Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne. "Safara'u, ka gaya masa. Sau biyu wasu maza suna zuwa nan, ba ɗinki suka kawo ba. Suna tambaya wace Bafillatana ce ƙanena ya lalata. Namu kuma suna cewa ya sayar da kansa. Jiya na tarar da ashana guda ɗaya an ajiye min a kan keke."

Martins ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Da la'asar na shiga motar yayana Bobbo, da nake kira Hamma, wanda ke jigila tsakanin Kafanchan da Godogodo. Bai yi min magana ba har fasinja na ƙarshe ya sauka. Sai ya gangara gefen titi kusa da wata gonar citta, ya kashe mota, ya zaro kaset daga aljihu ya tura a rediyo.

Muryata ta cika motar.

"Hamma..."

"Tun ranar da na fara ji na gane," ya ce yana kallon gaba. "Waƙar Inna ce. Mu biyu kaɗai ta yi wa ita."

"Wallahi ban san zai..."

"Ban tambaye ki ba. Kullum da safe sai na saka kafin in ɗauki fasinja. Ina jin farkon, in mayar baya, in sake ji." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ba wannan ya sa na tsaya ba. Akwai maganar da ake yi a tasha. Suna yi a gabana don sun ɗauka ina tare da su, ba su san ƙanwata ce ba. Sun ce ranar Asabar idan ya ambaci sunan 'yar Musulmi a filin nan, ba zai sauko da ƙafarsa ba. Na ga galan huɗu na fetur a bayan rumfar mai faci."

"Su waye?"

"Sanin sunansu ba zai amfane ki ba. Kin san Baffa ne ke zama da dattawan maƙwabta tun bayan rikicin, shi ya sa har yau shanunmu ke shan ruwa a rafi ɗaya da nasu. Idan jini ya zuba saboda 'yarsa, wa zai sake sauraronsa?"

Na kifa kai a cinya ina kuka. Ya bar ni na yi mai isata.

"Kina son sa?"

"Ina son sa, Hamma."

"To ki cece shi."

Ranar Asabar da hantsi Bobbo ya sauke ni a kwatas ɗin 'yan reluwe, gidan iyayen Martins. Na same shi yana goge wata riga mai ƙyalli. A hanya mun ga an kafa manyan lasifikoki a filin, da wasu samari zaune a kan katanga, ba sa hira, ba sa dariya.

Na gaya masa komai. Ya ajiye dutsen guga.

"To mu tafi tare yanzu. Ba sai na yi wasan ba."

"Idan aka wayi gari ba ni ba kai, an gane ke nan. Shagon Anti Clara za a fara ƙonawa. Daga nan naku su rama a kan rugarmu."

"Sai in bar ki? Safara'u, duk tafin da ake min a can, ke nake nema a cikin mutane. Ban saka muryarki don suna ba... na saka ne don in dinga jin ki."

"Na sani, masoyina. Da ban sani ba da ban zo ba."

"Ki ce ba kya sona, sai in tafi."

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Ina son ka fiye da yadda zan iya faɗa. Gara in san kana numfashi a inda ba zan gan ka ba, da in san inda kabarinka yake."

Ya durƙusa ya riƙe gefen mayafina yana kuka kamar yaro. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Abu ɗaya zan roƙe ka," na ce. "Kada sunana ya fita daga bakinka. Ko a ina, ko bayan shekara nawa."

Ya gyaɗa kai.

Bobbo ya kwantar da shi a bayan mota tsakanin buhunan citta, ya lulluɓe shi da tamfol, suka kama hanyar Jos. Ina tsaye a bayan gidan har ƙarar motar ta ɓace. Da yamma da aka ga mawaƙi bai zo ba, an farfasa kujeru, an yi jifa, amma ba wanda ya mutu.

Shekara uku suka shuɗe. Martins ya fitar da kaset biyu, hotonsa har a bangon mujallun Turai. Bayan rikicin Zangon Kataf Anti Clara ta kwashe kekunanta ta koma Jos, ni kuma na buɗe ɗan shagona a Godogodo.

Wata yamma ina zuba wa Baffa fura a tsakar gida, rediyonsa na gefen tabarma, sai na ji muryar Martins. Hira ake da shi daga Landan.

"Masu saurare da yawa sun aiko da tambaya ɗaya," in ji mai shirin. "Wace ce yarinyar da ta buɗe Jirgin Yamma? Tana ina yanzu?"

Ludayin ya tsaya a hannuna.

"Ta rasu," in ji Martins. Muryarsa ta karye a ƙarshen kalmar.

Baffa ya miƙa hannu ya rage sautin. Ya ɗago ya dube ni, kallon da ya nuna min ba yau ya sani ba.

"Allah ya jiƙan ta," ya ce a hankali. "Yarinya ce mai hankali. Ta riƙe gidajen mutane da yawa, ba su ma sani ba."

"Amin, Baffa," na ce.

Na ajiye masa ƙwaryar, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na toshe bakina da mayafi don kada ya ji.