Tutar da Na Ƙi Ɗagawa

Shekara talatin ina ɗaga wa jirgin ƙasa tuta. Da na bar aiki, na ƙera nawa ƙarami a kan tebur, da tasharsa da fasinjojin katako. Shi ma ba ya tashi sai na ɗaga koriyar tuta. Doka doka ce.

Daren da numfashin matata ya fara sarƙewa, na ji jirgin yana tafiya, alhali an ɗauke wuta. Na ɗauki fitila na shiga ɗakin da yake. Jirgin ya tsaya a tasha. Wani dogon mutum na tsaye gefen teburin, yana warin gawayi, ba shi da inuwa.

Ya ce, "Mai tuta, ba mu hanya. Fasinja ɗaya muka zo ɗauka."

Ban taɓa roƙon kowa ba. Ranar na durƙusa. "Ɗauke ni, ka bar ta."

"Ba sunanka ke kan tikitin ba."

Na rungume tutar a ƙirji. Daga taragon da bai kai tafin hannuna ba, sai ga siririyar muryar matata:

"Haba Malam, taurin kan nan har yau? Ɗaga mana. Na gaji."