Yayen Gajere

"Ba zan kai shi ba, Malam... ko da za ka mai da ni gidanmu Bande!"

Alkasim ya ajiye fartanya yana kallon matarsa Hinda, ta ƙanƙame ɗansu Gajere a ƙirji. Lokacin yaye ya yi, kuma kowa ya san ɗakin kaka ake kai yaro.

"Haba Hindatu, sanyin idona, uwata ce fa!"

"Ni ma uwata ce. Amma tun rasuwar Baba ba ta runtsawa sai da jiƙon nan na kasuwar Waca. Da ludayi ɗaya ne, yanzu uku! Shekaranjiya bakin zanenta ya kama wuta a gindin murhu, har na kashe, na yanke wurin na ɗinke bakin, ba ta motsa ba. In yaro ya yi kuka, wa zai ji shi?"

Sai suka ji tari a bayan danga. Dada ce, mahaifiyar Alkasim, riƙe da ƙwaryar jiƙon.

Hinda ta zube ƙasa. "Dada, ki gafarce ni..."

"Ashe shi ya sa zanen ya gajarce," in ji tsohuwar a hankali. "Ni da na ce ƙiba na yi!"

Ba wanda ya yi dariya. Ta daɗe tana duban ƙwaryar, sannan ta kife ta a gindin tsamiya, ƙasa ta shanye.

"Miƙo mini mijina."

Hinda ta miƙa shi tana hawaye.

Kwana uku Dada ba ta ga barci ba. Yaro na kukan nono, tana goyo, tana ɗura masa kunu, tana yi masa tsiya: "Kai ango ne ko maroƙi?" Idanunta suka faɗa. Alkasim ya ce zai koma Waca ya sayo mata jiƙon, ta ce in ya je bai sha nononta ba.

Rana ta huɗu da hantsi Hinda ta kasa haƙuri, ta leƙa ta ƙofar danga.

Dada na kwance a inuwar tsamiya tana barci, har da minshari, Gajere a kan ƙirjinta. Yaron ya motsa, ya fara ƙananan kuka. Hinda ta yunƙura, Alkasim ya riƙe hannunta.

Hannun tsohuwar ya ɗago, ya sauka a bayan yaron yana bubbugawa. Idanunta a rufe.

"Ikon Allah..." Hinda ta raɗa, hawaye na zuba. "Malam, tana jin sa!"