Magajin Farar Riga

A wani zamani, cikin wani tsohon rumbu mai laima, an yi wani gizo-gizo malalaci. Ba ya saƙa yana, sai bin gidajen makoki yana cin sadaka.

Wata safiya aka tarar wani baƙon gizo-gizo ya mutu manne da jinka, jikinsa lulluɓe da wani abu fari fat kamar sabuwar riga. Malalaci na ganin farin nan ya fashe da kuka.

"Wayyo yayana! Uwa ɗaya uba ɗaya! Ni kaɗai ne magajinsa!"

Wata tsohuwar gizo-gizo ta ce, "Ɗan nan, ko sunansa ba ka sani ba. Wannan ba riga ba ce, funfuna ce. Ita ta shiga jikinsa ta cinye shi da ransa. Kada ka taɓa."

"Inna, hassada dai kike yi."

Ya hau, ya yaye, ya yafa. Ya sauko yana taƙama, wai a ba mai gado hanya.

Ba a daɗe ba ƙafafunsa suka yi nauyi. Fari ya tsiro a gwiwa, ya tsiro a wuya, ya tsiro a baya. Ya ja ya ja, riga ta ƙi fita. Ya rarrafa har ƙofar tsohuwa.

"Inna, na tuna! Ashe ba yayana ba ne, kama ce kawai. A zo a karɓi kayan mutane."

Tsohuwa ta janye jikokinta can nesa, ta ce, "Allah sarki, ɗan nan. Kai ka fasa zumuncin, ita ba ta fasa ba."