Faifan da Kwamfuta Ta Kasa Gani

Na sake harhaɗa kenel, zuciyar manhajar kwamfutar asibitinmu a Bukkuyum, na manta ban zaɓi sashen da ke gane faifan ajiya ba. Sunayen yara da iyayen da gubar dalma ta kama suna cikin faifan, amma kwamfuta ba ta ganinsu.

Bayan magariba, ni kaɗai, wata mai goyo ta shigo. Ana ruwa, zanenta kuwa a bushe.

"Ɗiyata, faifan bai mutu ba. Buɗe mishi ƙofa, ki duba min Iyatu da Tasi'u."

Na zaɓi sashen, na sake harhaɗawa. Tana tsaye tana jira, goyon ko motsi.

Faifan ya bayyana. Ga sunayen biyu, uwa da ɗan goyonta, an rubuta sun rasu bara.

"Alhamdulillahi," ta ce a bayana. "Ba a share mu ba."