Sabon Inji Mai Tari

A wani gari, an yi wata yarinya, Lantana. Ita da yayanta Tanimu suka sami sababbin injinan jirgin sama na wasa, ana saura kwana uku a yi gasar tayar da jiragen wasa.

Lantana ta ɗaure jirginta a ƙasa, ta sakar wa injin mai sosai, don ya saba da aiki a hankali ba tare da ya yi zafi ba. Ya yi tari, ya yi hayaƙi.

Tanimu ya ce, "Wannan mai tari kamar tsoho za ki kai gasa? Rage mai, ya yi ƙara irin nawa!"

Ta ce, "Yaya, da rarrafe yaro kan tashi."

Yau ta rage kaɗan, ta saurara. Gobe ta rage kaɗan, ta saurara.

Ran gasa, injin Tanimu ya yi zafi saboda ƙarancin mai, ya ƙone, jirginsa ya faɗa gonar dawa. Na Lantana kuwa ya yi ta shawagi, har shaho ya kauce masa!