Guɗar da Ta Riga Lokacinta

Ni Bara'u na riga kowa gani! Ban taɓa zama a aji ba, likitocin asibitin Edgbaston sun tsaga ƙirjina na tashi na ci tuwo, kuma idona bai taɓa yi min ƙarya ba.

Ran nan, jikata Khairat ce alƙaliyar wasan ƙwallon besbol na yara a unguwarmu ta Small Heath, nan ƙasar Turawa. Baƙin da suka zo karawa da yaranmu daga Manchester suke, kocinsu kuwa Muhsin, saurayin da ke neman aurenta. Mahaifiyarsa Hajiya Kubura, wadda ta rantse ba za ta yi suruka mai ihu a fili ba, ta kame a bencin yaransa.

Murna, yarinyar da ke jefa ƙwallo a ɓangarenmu, tana ɗaga hannu...

"Ayyiririii!"

Hajiya ta rangaɗa guɗa, yaran benci suka kwaikwaya. Ƙwallo ta bauɗe. Aka sake, ta sake bauɗewa. Idon Murna ya ciko.

Turawa sai tafi, wai al'ada ce. Na ce wannan ba al'ada ba ce, mugunta ce!

"Time!"

Khairat ce ta tsai da wasa, ta cire marufin fuska, ta taka har benci, ta rusuna.

"Mama, ki gafarce ni... sai abu ya tabbata ake guɗa. Wannan firgita yarinya ne. In aka ƙara, zan fitar da ke."

"Ni? Muhsin, ka ji wadda ka zaɓo?"

Jikata ta saci kallon Muhsin. Ni kaɗai na lura.

"Na ji, Umma. Ita ce da gaskiya. Boys, quiet!" Ya tsawata wa yaransa, ya juyo wajen Khairat, murya ƙasa-ƙasa. "Ci gaba, sanyin idona... fili naki ne."

Murna ta fitar da masu bugunsu uku daga wasa a jere. Manchester ta sha kashi!

Hajiya ta daɗe tana fushi, har dangi suka ce zance ya mutu. Na ce ku jira, matar ta ga rusunawar nan.

Ranar kai amarya Hajiya ta tare ƙofa, ta ɗage mayafin Khairat.

"Alƙaliya, ya tabbata? In yi?"

"Ya tabbata, Mama..."

Guɗar da ta biyo baya, har yau kunnena na hagu bai dawo ba.

Mai musu ya same ni a Stratford Road bayan la'asar, in kai shi gaban Hajiya ya maimaita, in ya isa!