Baƙar Tsakuwar Gwadabe

Ku da kuke zama a bakin shagona kuna gardamar wane kulob ya fi wane, ku matso in ba ku labarin mutumin da ya riga ku wannan gardama tun ba a haifi iyayenku ba. Sunansa Gwadabe, mijin ƙanwata Ishatu. In kun ji ban ce Allah ya jiƙansa ba, kada ku zaci mantuwa na yi.

Zamanin nan jirgin ƙasa bai daɗe da zuwa Zariya ba, Tudun Wada kuwa ba ta wuce 'yan unguwanni ba. Ni baduku ne, ina ɗinka wa Turawan bariki jakunkunan fata. Sun share wani fili a gaban kulob ɗinsu suna wasan da suke kira golf: mutum ya doki ɗan farin ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe, ya bi shi a ƙafa har ya jefa shi rami. Da yake ciyawa ba ta zama da rani, sai su shimfiɗa yashi gauraye da baƙin mai kewaye da kowane rami. Gwadabe ke kawo musu yashin a kan jakuna.

Wata rana yana sauke yashi, ƙwallon wani Bature da muke kira Mai Lofe ya gangaro har gaban ƙafarsa. Ku kun san tarbiyyarmu, abin babba ba ya faɗuwa kana tsaye kana kallo. Gwadabe ya sunkuya ya ɗauka, ya goge da bakin riga, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Ashe a dokar wasansu ba a taɓa ƙwallo, kuma ranar gasa suke. Mai Lofe ya juya sandar ya maka masa a baki. Haƙorin gaba ya fita, leburori na kallo, matan Turawa na dariya daga baranda.

Na tausaya masa ran nan, Allah ya sani. Amma da ya zo shagona da jini a gemu, ba maganar magani ya yi ba.

"Salmanu," ya ce, "sai na zauna a kan barandar nan, a kujera irin tasa, ya ɗago ido ya gan ni."

Na ce, "Sha ruwa ka kwanta. Baƙar fata ba ya shiga can sai da tire a hannu."

Bai ji ba. Ya maƙale wa Kato, wani Kirista mai raba abin sha a kulob ɗin, wanda ya yi aiki da Turawa gari-gari. A shagona suke zama, Gwadabe na tambaya kamar mai tayin doki.

Kato ya ce, "Kulob ɗin Kano na 'yan kamfani ne. Kuɗin shiga ya kai kuɗin gida, amma a can ake ƙulla cinikin gyaɗa, mai shiga yana mai da kuɗinsa. Na Kaduna na sojoji ne da mutanen Gwamna, ko ka zo da raƙumin zinariya sai ka tsaya a waje. Na Jos ya fi duka kyau, ciyawa shar, masu haƙar kuza kuma ba su cika tambayar asali ba. In da za a taɓa yi wa wani sassauci, can ne."

"Na nan fa?"

"Na nan ya fi araha, ya kuma fi wuya. Sai mamba ya tsaya maka, sannan a zaga da akwati. Kowa ya sa hannu a ɓoye ya jefa tsakuwa, fara in yana son ka, baƙa in ba ya so. Baƙa guda ta isa ta kore ka. Kuma me za ka samu? Ba ka shan giya, ba ka iya wasan ba."

Gwadabe ya ce, "Mai Lofe ba ya Jos."

Abin da ya biyo baya, daga bakinsa na ji, lokacin da ba shi da sauran hankalin ɓoyewa. Akwai wata tsohuwar marina can bayan Dutsen Abba, wadda marina suka gudu suka bari. Wani boka, Ɗantsoho, ya tare a wurin. Ba ya ganin kowa sai rana ta take tsaka, lokacin da mutum ke taka inuwarsa. Ramukan rini duk sun bushe sun tsage, in ban da guda ɗaya da ke cike fal da ruwan baba, yana kumfa shi kaɗai ba mai motsa shi. An kafa ƙahonin bunsuru kewaye da bakinsa, an rataye tsummokara a ƙaya, ko ƙuda ba ya sauka a wurin. Ɗantsoho na zaune a gefe, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu.

"Dukiya ba wuya," in ji shi, tun Gwadabe bai gama gaisuwa ba. "Amma kai ba ita ta kawo ka ba."

"Ina son ta, don sai da ita zan zauna inda wanda ya dake ni yake zama."

"A kashe maka shi ya fi sauƙi, ya kuma fi araha."

"Gawa ba ta gani. So nake ya gan ni."

Boka ya dubi ramin, ya ce, "Duk baƙar tsakuwar da aka jefa maka, zan wanke ta a nan ta koma fara. Sai dai baƙi ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa. Abin da ya fita daga tsakuwa, tukunyar gidanka zai shiga. Tsakuwa ɗaya, bakin mai ci ɗaya."

"Mutum ɗaya ne zai jefa mini baƙa."

"Ka tabbata?"

"Sauran ba abin da ya haɗa mu. Kuma babban gida ba ya rasa wanda zai ɗauki guda ɗaya."

Ku ji fa. Da ransa da hankalinsa ya faɗi haka, ƙanwata tana gida tana yi masa tuwo.

Boka ya nemi abu biyu: haƙorin da aka fasa, da muciyar da ake tuƙa tuwon gidan da ita. Gwadabe ya sato muciyar Ishatu a cikin riga. Ɗantsoho ya jefa haƙorin a rami, ya tuƙa ruwan da muciyar yana kiran sunayen da ba zan maimaita ba. Da ya zaro ta, fes take, ko ɗigon shuni babu. Ya ce a mai da ita madafa.

Damina ba ta zagayo ba sai da Gwadabe ya zama abin kwatance. Ya samu kwangilar itacen jirgin ƙasa, ya shiga sayen auduga, duk abin da ya taɓa sai ya ninka. Ya gina soro mai rufin kwano, zaurensa ya cika da barori da 'yan cin arziki. Ya sa haƙorin zinariya ko'ina ban da gurbin nan, shi ya bar shi a buɗe. Ni dai tun ran da ya aiko baransa ya kira ni maimakon ya tako da ƙafarsa muka ɓata, ban ƙara sa hannu a akushinsa ba.

Ya shiga yi wa Turawa gaisuwa: talotalo, ƙwai, ragon Kirsimeti. Suna karɓa suna murmushi, shi kuwa yana ganin ya saye zukatansu. Wani Baturen kamfani da ke buƙatar audugarsa ya yarda ya tsaya masa, don ya san akwati zai yi masa maganin abin ba tare da ya ɓata ciniki ba.

Kato ne ya zaga da akwatin da yammar, shi ya ba ni labari. Turawa sun kai ashirin. Da idonsa ya hangi baƙa tsakanin yatsun kusan kowa, har da wanda ya tsaya masa. Aka juye akwati a kan tebur, sai ga tsakuwa fara tas, babu baƙa ko ɗaya. Suka dubi juna, ba mai iya cewa ga abin da ya jefa, don ƙuri'ar ta sirri ce. Shugabansu ya ce Kato ne ya rikita, a sake. Aka sake, fara. Suka kori Kato waje, wani Bature ya zaga da akwatin da kansa, aka kuma juyewa, fara. Dokarsu ta ɗaure su, suka karɓe shi.

Gwadabe ya yi lissafin baƙa ɗaya. Ku lissafa Turawa ashirin sau uku.

Da barorin zaure aka fara. Farcen mutum ya yi shuɗi kamar na marini, sai dasashi, sai farin ido, sannan ya kwanta bai tashi ba. 'Yan cin arziki suka watse, amma abin ya bi su har gidajensu. Unguwa ta daina karɓar tuwon gidan, ko na sadaka aka fitar sai dai a zuba a juji. Sai abin ya shiga cikin gida. Muntaka, ɗan farin Ishatu, ya tafi. Na je na same ta tsakar gida ta danne ƙaramar, Zinariya, tana dirje mata yatsu da sabulu da toka har fata ta saluɓe.

"Yaya, datti ne," take ce mini. "Bari in ƙara wankewa, zai fita."

Na tare Gwadabe a zaure yana ɗaura takalmi irin na Turawa. Na ce, "Ko me ka ɗauko, mayar da shi. 'Yarka na mutuwa."

Ya ce ya koma wurin boka, an ce masa abin da aka wanke ba ya komawa. Sannan ya ɗauki jakar sandunansa.

"Ina za ka?"

"Yau Mai Lofe ya dawo daga hutu."

Ran da muka binne Zinariya, shi yana kan baranda. Kato ya ce tun da Gwadabe ya shiga kulob ɗin ba wanda ya taɓa yin wasa da shi, shi kaɗai yake bin ƙwallo cikin rana, in ya zauna a janye kujeru. Ran nan ya ja kujera har gaban Mai Lofe, ya zauna, ya buɗe baki ya nuna masa gurbin haƙorin. Mai Lofe ya cire lofe, ya dube shi sama da ƙasa, ya juya wajen Kato ya tambaya da Hausarsa ta bariki, "Wane ne wannan?" Kato ya tuna masa. Bature ya yi ɗan tunani, ya girgiza kai, ya ce bai tuna ba, a ƙaro masa ƙanƙara.

Na ɗauke Ishatu na kawo ta gidana, amma na makara. Ta rasu tana goge tafin hannunta a bango. Ni na yi mata sutura, ni na sa ta a kabari, ban aika masa ba.

Da gidan ya ƙare, dukiyar ma ta bi. Auduga ta ƙone a sito, aka ƙwace kwangila, soro ya tsage. Shekara na zagayowa aka nemi kuɗin shekara na kulob, babu. Wannan karon ba su buƙaci akwati ba, mai gadi kawai suka gaya wa.

Shi bai mutu ba, don ba a kansa aka yi cinikin ba. Ya daɗe a duniya, yana yawo tsakanin bariki da Tudun Wada da tsumma a jiki, yana ba duk wanda ya tsaya labarin marina. In hankalinsa ya ɗan dawo sai ya zo nan, daidai inda kuke zaune, ya durƙusa.

"Salmanu, don girman Allah nuna mini kabarin Ishatu. In roƙe ta gafara kawai."

Malamai sun yi mini wa'azi, Kato ma ya roƙe ni. Nakan ba shi ruwa, don ba a hana ɗan Adam ruwa. Amma ya yi ta tambaya har ya tsufa, har ya mutu a bakin kasuwa, ban nuna masa ba.

To, ku masu son shiga inda ba a gayyace ku ba ko ta halin ƙaƙa, ku shiga taitayinku. Kafin ku tambayi nawa ne kuɗin shiga, ku tambayi wa zai biya, don mai kwaɗayi da mai riƙo ba su cika biya daga jikinsu ba, na gida ake yanka. Ni na tsufa, an ce in yafe kafin in tafi. Na gaya wa liman, ranar da za a tsayar da mu gaban Ubangiji, ni zan fara ɗaga hannu in kai ƙarar Gwadabe.